Kara Uku na Laure

Duk Augie an san Laure mai magani ba ta da daɗin baki. Ni maƙwabciyarta ce, na sha faɗanta har na ƙoshi, kuma ina sonta a haka.

Abin da take ji da shi a duniya wani tsiro ne da ke manne a wuyan tsohuwar giginya a bakin fadama, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo. Manta uwa ake ce masa. A da yana nan birjik, amma an sassare giginyoyin an yi azara, shinkafa ta cinye wurin, saura wannan kaɗai. Da shi take haɗa wa yara maganin tari. Ƙa'idar da ta gada wurin kakarta ita ce kara uku a shekara, tsofaffi, bayan fure ya zube. Ko ɗan wa ke tari, ba ta yanka na huɗu.

Bara sai ga Mujtaba, ɗan ƙanenta mai koyar da harhaɗa magunguna a Birnin Kebbi, da tsani da buhu. Wai za su gwada sinadaran tsiron a ɗakin bincike, amma sai an cire shi duka, har saiwa.

Laure ta riga shi gindin giginyar, ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafa.

"Inna, in munka gano abin da ka ciki, kowa zai amfana," in ji shi.

Ta ce, "Awo. In ba ku gano ba hwa? Ka maido mini busasshe cikin buhu?"

"Ilimi na, Inna."

"Ni jahilci nike yi shekara arba'in? Aje tsanin ga!"

Ya yi lallashi, ya kawo mai unguwa, ko gezau. Kwana uku tana zuwa da tabarmarta. Ran na huɗu ta ce ya hau, ta tsaya a ƙasa da sanda tana nuna masa. Kara uku ya yanko.

"Rabon bana ke nan duka. Tahi ka gwada."

Da damina tari ya kama ɗiyata Mubina. Na ruga wurin Laure, ta ce babu. Na yi kuka, na tuna mata maƙwabtaka, har na ce ai ɗaya ba zai kashe tsiro ba. Ranar na ji haushinta ƙwarai. Ba ta ko dubi wajen fadama ba. Ta karɓi yarinyar, ta goya ta da kanta, ta sa takalmi.

"Wuce mu tahi asibiti," ta ce.