Malamin Kwamfuta Ya Ƙi Sabuntawa

Malamin kwamfuta ne ya kawo wa makarantar wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke da ikon buɗe cikinta ya gyara. Shi ya ɗora ta a kan tsofaffin na'urorin ɗakin malamai, shi ya koya wa kowa, har malamar lissafi da ba ta san kan maɓallai ba.

Sai ga malamar nan ta gano abin da ke sa manhajar daskarewa in an zo buga sakamakon ɗalibai. Ta gyara, ta aika wa masu manhajar, suka karɓa. Shugaban makaranta ya yaba mata a taro, aka yi ta tafi. Malamin kwamfuta ma ya tafa.

"Malam, ai koyarwarka ce," in ji ta.

"Allah ya ƙara basira, Malama," ya ce, yana yaƙe.

Yanzu kowace na'ura tana gudu da gyaranta, ban da tasa. Kullum da safe allon yakan tambaye shi ko a sabunta. Yakan harare shi, ya danna "ba yanzu ba", ya zauna yana jiran na'urar ta farfaɗo.