Ƙwayar Balkisa da furar kakarta

Har yau ban mance ranar da Balkisa ta dawo mini karo na uku ba, fuska lulluɓe da mayafi cikin zafin bazara. Lokacin ina infirmiya, ma'aikaciyar jinya, a wata likita, ƙaramin asibiti kusa da Filingué, majo kuma, wato shugaban ma'aikatan jinya, shi ke sa hannu a kan duk takardar tura maras lafiya Yamai.

Shekarunta sha shida, ajin ƙarshe na kwalej. Ƙurajen balaga sun cika mata kumatu da haɓa, manya masu ruwa. Ƴan ajinsu suka sa ta gaba da tsiya har ta daina zuwa lakwal, ga jarabawa saura wata uku.

Ku sababbin ma'aikatan jinya, ku riƙe tsarin maganin ƙurajen nan: sabulu da man shafawa tukuna. In sun kasa, ƙwayar doksisikilin, ɗaya a rana. In ita ma ta kasa, sai Yamai wurin likitan fata, inda ake ba da magani mai ƙarfi da awon jini kowane wata. Balkisa ta yi wata biyu a kan ƙwayar, ko gezau.

Majo ya duba ta ya ce, "Madam, a rubuta mata takarda."

Babanta, manomi daga wajen Tabla, ya girgiza kai. "Yamai kowane wata, ga damina tahe? In haka na, ta zamna gida, karatun ya isa."

Abin ya tsaya mini a rai. Ƙwayar nan na ga aikinta a fuskoki da dama, me ya sa ta ƙi wannan? Na tambayi yarinyar ko tana tsallake kwana, ta rantse. Man bilicin fa? Babu. Na roƙi majo ya ba ni mako guda.

Ranar da muka fita rigakafi wajen Tabla, na biya gidansu da sassafe. Na tarar da kakarta zaune da ƙwarya tana dama fura, furar ta ji nono. Ina kallo ta ɗauko ƙwayar, ta murƙushe ta da bayan ludayi, ta zuba ciki ta motsa.

Na ce, "Inna, me kike yi haka?"

Ta ce, "Ke kinka ce kar ta sha da ciki wohi, ɗiyata. To mi muka ci da sahe in ba hura ba?"

Wayyo ni! Kunya ta rufe ni. Nono na rage wa ƙwayar nan ƙarfi, tun muna makaranta na san haka. Na ce wa yarinya ta ci abinci kafin ta sha, ban tambayi mene ne abincin ba, ni da aka yaye ni da fura a Kurfai.

Muka mayar da ƙwayar bayan tuwon rana, da ruwa kofi cike, ba murƙushewa. Fura sai an jima. Cikin mako shida ƙurajen suka kwanta, sai tabo. Takardar Yamai ba a rubuta ta ba, Balkisa kuwa ta zauna jarabawarta fuska a buɗe.

Tun ranar ba na ce wa kowa "ci abinci" in yi shiru. Sai na tambaya: da me ake karyawa a gidanku, kuma wa ke miƙo maganin? Tsohuwar nan wata biyu ba ta tsallake kwana ɗaya ba. Ni ce na ba ta rabin magana.