Takardar Maganin Baffa

Ina tsaye a tagar karɓar magani a wani asibiti nan Daura, sai jujjuya takardar da aka ba Baffana nake yi. Magani ne kala uku, har da na hawan jini. An buga bayanin da Hausa, ga hotunan agogo, ga kibiyoyi ta ko'ina. Wallahi sau uku na karanta, ban gane wanne ake fara sha ba. Ni da nake koyarwa a makaranta.

Baffa, wanda ya taso tun daga Mai'adua a kan babur, ya gaji da jirana. Ya leƙa tagar ya ce wa mai ba da maganin, "'Yata, ni ba na ɗaura agogo. Wanne ne na bayan sallar asuba?"

Ta jera masa su. "Baba, fari da asuba, ja da azahar, ƙaramin nan da isha'i."

Baffa ya maimaita sau ɗaya, ya zuba su a aljihu.

Takardar tana hannuna har yanzu, kuma ban gane ta ba. Jama'a, idan ba ni ba, ba Baffa ba, wa aka rubuta wa ita?