Gaban Fijon Alhaji Lawwali

Mani maƙerin farfaru ne a Ruwan Godiya, zobba da 'yan kunne yake ƙerawa kamar yadda ya gada. Da kuɗin fetur suka shigo, mata suka koma sayen na kanti, sai ya tattara gudumominsa ya koma Ƙanƙara, ya kafa rumfa a bayan tasha.

A can ya sami sabuwar sana'a. Masu kuɗi suna sayen sababbin motoci, waɗanda ba su kai ba suna neman a wanke wa tsofaffin nasu fuska. Farin ƙarfen adon nan da ke bin gefen mota da kewayen fitila shi ne aikin Mani. Yakan ɓamɓare shi a hankali don kada maƙalansa su karye, ya miƙar da inda ya lotse da gudumar katako, ya kankare tsatsa da sanfefa, ya goge da toka da tsumma har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Direbobi har daga Sabuwa suke zuwa.

Mani yana da wa guda a Ruwan Godiya, Rabo, kurma ne, yana kai hatsi kasuwa a kan jaki. Wata ranar kasuwa aka tsinci gawar Rabo da ta jakinsa a gefen hanyar Faskari. Mota ce ta buge su ta wuce, kuma ba wanda ya ce ya gani.

Mani bai daɗe da dawowa daga zaman makoki ba, Alhaji Lawwali ɗan kwangila ya kawo tsohuwar Fijonsa, gabanta a lotse. Ya ce akuya ya buge. Bai tafi ba, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a rumfar, ya zauna yana cin goro.

Da Mani ya cire ƙarfen da ke ƙarƙashin fitilar hagu, wani abu ya faɗo ƙasa. 'Yar ƙararrawa ce ta tagulla, ta baje. Shi ya ƙera ta da hannunsa, shi ya ɗaura ta a wuyan jakin wansa. Ya tsaya riƙe da ita.

Alhaji ya miƙo tafin hannu. "Kawo nan, ta akuyar ce." Ya jefa ta aljihu, ya nuna wurin da baki. "Ka goge nan sosai, akwai gashi."

Mani ya goge. Washegari ya je wurin mai unguwa ya faɗi abin da ya gani. Mai unguwa ya tambaye shi ina ƙararrawar, sannan ya tuna masa filin da rumfarsa take na Alhaji ne, kuma shi baƙo ne a garin. Mani ya koma ya ƙarasa aikin, ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa.

Ranar addu'ar arba'in Alhaji ya zo ta'aziyya Ruwan Godiya a cikin motar. Ya ajiye ta daidai ƙofar gidan mamacin, tana walƙiya. Mutane suka tashi daga tabarmi suna zagaya ta, shi kuma yana gaya musu aikin ɗan garinsu ne. Har da masu sa wa Mani albarka.

Da yamma Mani ya kasa riƙe maganar, ya gaya wa Ramatu matar Rabo. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko ya ajiye gudumar ya bar aikin bayan ya ga ƙararrawar. Mani ya tashi ya fita. Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba, kuma ta hana 'ya'yanta karɓar ko ƙwayar hatsi daga hannunsa.

Alhaji ya ci gaba da turo masa motocin abokansa, Mani kuma bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. A rumfar ya tsufa, idonsa ya dushe. Da ya rasu, direbobin tasha ne suka kai shi makwancinsa. An aika Ruwan Godiya, ba wanda ya zo.