Zobe Mai Kan Kare

Duk sa'ad da na wuce wajen masu gyaran batir, warin asid ya buge ni a hanci, sai in ga kaina a rumfar kakana, can bayan babban masallacin Koudoukou. Maƙerin zinariya ne. Rumfar ba ta fi ɗakin kaji uku ba, amma in kin ji yadda yake maganarta, sai ki ɗauka fadar shugaban ƙasa ce. Akwai zugazugi na fatar akuya, da 'yar tukunyar narke ƙarfe, da baƙin dutse mai santsi da yake goga zinariya a kai, sai wata 'yar kwalba ta ruwan gwaji da ya hana mu ko kallonta. In ya goga ɗan kunne a dutsen ya ɗiga ruwan, in layin ya ɓace, jabu ne, in ya tsaya, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ta amsa sunanta." Duk unguwarmu ta Kilomita Biyar, har maƙwabciyarta Kokoro, in ya faɗi magana a kan ƙarfe ba mai sake tambayar wani.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na son tsohon miji mai warin gawayi. Ya kan ce mini Allah ya yi ƙarafa da yawa, amma sarkinsu ɗaya. Azurfa baiwa ce, tagulla 'yar aike. Lu'ulu'u kuwa, wanda rabin mazan unguwarmu ke bin daji su saya, a wurinsa tsakuwa ce mai sa'a: in ta fashe shi ke nan, zinariya ko an take ta da mota a narke ta ta dawo. Kayan Faransa ma ya san tambarinsu. Ya nuna mini da gilashinsa na ido ɗaya, ɗan mitsitsin kan gaggafa da suke bugawa a cikin zoben zinariya ta gaske.

Ina da ƙawa a unguwar Yakité, shekarunmu ɗaya, wajen tara ko goma. Kirista ce, ba ta jin Hausa sai zagi, ni na koya mata. Da Sango, yaren ƙasar, muke wasanmu. Babanta soja ne, mamarta kuma raino take yi a gidan wata Bafaranshiya a cikin gari. Gidansu nake cin gozo da miyar ngunza, wato tuwon rogo da miyar ganyensa, in dawo in ce wa kakata mace ba na jin yunwa, ita kuma ta ce wata rana sai an mayar da ni can da kayana.

Sai sojoji suka yi bore. Mu yara abin da muka sani shi ne an rufe makaranta, kasuwa na watsewa kafin azahar, kuma ƙarar da muke ji daga wajen bariki ba tsawa ba ce, ko da yake damina ce. Turawa suka kwashe iyalansu. Kaya suka yi ta shigowa unguwa a baro, firji, agogo, cokula, kakana kuwa ya rantse ba zai taɓa abin da aka kwaso daga gidan wani ba. Aka lafa, aka sake tashi. A karo na gaba ne abin ya koma na ƙabila, aka fara bin gidajen sojojin da suka yi boren. Baban ƙawata yana cikinsu, kuma tun fitarsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata safiya, ruwa ya ɗauke ke nan, mamar ƙawata ta zo rumfar da goyo a baya, ɗan yaye a hannu, ƙawata na biye. Ta gaida kakana ta zauna a ƙasa. Ta ce an shafa wa ƙofarsu alama, dole ta haye kogi zuwa Zongo, garin da ke ƙasar tsallake, yau ko gobe. Masu kwale-kwale a kan kai suke karɓa, sun ninka kuɗin ba tsoron Allah, ga masu shinge a hanya kowa da nasa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani farin zobe, ba dutse, ba ado.

"Papa, uwar ɗakina ce ta zare daga yatsarta ta ba ni ranar da za su tafi. Ta ce in na shiga wahala in sayar. A kasuwa sun ce gwangwani ne. Kai kaɗai na yarda da bakinka."

Kakana ya karɓa. Na ga ya ɗan jijjiga shi a tafin hannu, don zoben ya fi girmansa nauyi. Ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan, layin bai motsa ba. Ya ce to ba azurfa ba ce. Ya ɗora shi a gawayi, ya ce in ja zugazugi. Na ja har kafaɗuna suka yi tsami. Wutar da ke mayar da zinariya ruwa, zoben nan ya yi jawur a cikinta, ko gezau. Da ya huce, ya fito fes kamar ba a taɓa shi ba. Sai kakana ya sa gilashi a ido ya leƙa ciki, ya daɗe, sa'an nan ya yi tsaki.

"Kan kare ne," ya ce da Hausa. "Wa zai buga kare a kan abin daraja?"

Ya juya ya gaya mata da Sango, a hankali, cewa irin ƙarfen cokulan Turawa ne, wanda ba ya tsatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Singila, Papa," wato na gode, kamar ya ba ta wani abu.

Kada ki ɗauka mugu ne. Nan take ya buɗe akwatinsa ya juye mata abin da ke ciki, kakata ta ƙara da kuɗin makala, irin fanken da take soyawa. To amma wata biyu ba wanda ya ƙera ko ɗan kunne, me zai taru? Aka lissafa, ya kai ta da ƙananan biyu, bai kai mutum na huɗu ba. Kakata ce ta ce a bar mana babbar, in ƙura ta lafa a dawo a ɗauke ta. Ina tsaye uwar ta zura zoben a zare ta rataya wa ƙawata a wuya. Ta ce mata ba komai ba ne, amma shi kaɗai gare ta. Ni, Allah ya yafe mini, murna nake yi a ranar, za mu riƙa kwana tabarma ɗaya.

Ƙura ta lafa, uwar ba ta dawo ba. Rani ya zo ya wuce, mangwaro ya nuna ya ƙare. Ƙawata ta koyi Hausa har ta fi ni iya baƙar magana. Ran Lahadi kakata da kanta ke tashinta ta ce ta shirya ta tafi coci, kada uwarta ta dawo ta ce mun cinye mata 'ya. Da la'asar kuwa ta kan zauna a bakin titi tana kallon duk macen da ta sauko daga tasi da goyo.

Bayan kamar shekara biyu baffana ya dawo daga yamma, inda yake sayen lu'ulu'u. Ya yi hulɗa da Turawa masu sayen duwatsu, ya ga abubuwa. Muna cin abinci ya hangi zoben a wuyan ƙawata, ya ce ta kawo. Ya auna a hannu, ya leƙa da nasa gilashin, sai ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya bi mahaifinsa rumfa, ni ma na bi su da sunan kai shayi.

"Baba, ka gafarce ni," in ji shi, kansa a ƙasa. "Wannan filatin ne. Kare shi ne tambarinsa a Faransa, yadda gaggafa take ta zinariya. Wutar gawayi ba ta narka shi. Ya fi zinariya tsada."

"Ya fi zinariya?"

"Ya fi ta, Baba. Ƙarfen cokali da ya shiga wuta da ya yi baƙi."

Kakana ya kalli gawayi. Ya ce, "Na ga bai yi baƙi ba. Na ji nauyinsa ma. Karen ne ya rufe mini ido." Sai ya tambayi abin da nake jin tsoron ya tambaya, ko da an sayar zai haye da mutum huɗu. Baffa ya ce da an kai wa ɗan Labanon ɗin da ke saye a cikin gari a lokacin, da ya haye da su har da guzuri.

Baffa ya so a yi shiru, ya ce yarinya ce, faɗar ba za ta gyara komai ba. Kakana ya ƙi. Ya sa na kira ta, ya sauko daga kujerarsa ya zauna a ƙasa daidai da ita, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya gaya mata da Sango, don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Ya ce uwarta ta kawo kuɗin jirginta cif, shi ne bai gane ba, shi ya raba su. Ƙawata ta riƙe zoben ta yi ta kallonsa. Ta ce, "To yanzu za a kai ni?"

Ya kai ta. Tsoho mai ciwon gwiwa da bai taɓa shiga kwale-kwale ba, sau uku yana hayewa da ita, suna bin coci-coci da kasuwa suna tambaya. Wasu suka ce uwar ta nausa ciki da wata motar katako, wasu suka ce ba su taɓa ganinta ba. A na ukun ya dawo da zazzaɓi, bai sake komawa ba. Ya ci gaba da ƙira har idonsa ya gaza, amma daga nan in aka kawo abin da ya shige masa duhu, sai ya mayar wa mai shi ya ce, "Ban san shi ba, je ka tambaya gaba." Mutane suka ce tsufa ne. Na ji masa ciwon wannan magana ƙwarai, har yau ma ina ji.

Yanzu rumfar shagon cajin waya ce. Ɗana ya karanto mini a wayarsa cewa zinariya ta tsere wa filatin a kasuwar duniya, wai kuma akwai wasu ƙarafan, rodiyom da wane da wane, da ake sa wa a bututun hayaƙin mota, waɗanda wani lokaci su kan ninka ta. Na ce da tsohon na nan da ya ce, ai na faɗa muku, a kan na farkon, ya toshe kunne a kan na biyun. Masu saye yanzu da na'ura suke gwaji, su haska ta faɗi sunan ƙarfe kafin ka gama sallama.

Ƙawata a gidanmu aka yi mata aure, ita ta riƙe kan kakana ranar da ya cika. Ta sha wahala bayan haka, rikicin baya-bayan nan ya cinye mata shago, amma ba ta sayar da zoben ba. Bara da ta zo mini gaisuwar salla na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta taɓa riƙe tsohon a zuciya. Ta ce a'a, mutumin da ya zauna a ƙasa ya faɗa mata gaskiya, me za ta riƙe? Ta juya zoben a yatsarta, ta ce abu ɗaya ne ke hana ta sukuni.

"Mama ta tafi tana ganin ba ta bar mini komai ba. Shi nake so a ce ta sani."