Motar Katakon Sodangi

Sodangi na Kankia bai taɓa yarda da inuwarsa ba, balle mutum. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wani Baturen kamfanin gyaɗa, kuma da Baturen zai koma gida, a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, sai ya sayar masa da motar. Doguwa ce mai faɗin baya, gabanta ƙarfe, gangar jikinta katako mai launin zuma. Ta ci hanya har lambobin mil ɗinta sun ƙare sun sake farawa. Da ita yake kai mutane da buhuna kasuwannin Kusada da Yashe. Ba ya barin kowa ya zuba mata ruwa, kuma kullum sai ya ɗaura zare a bakin tankin fetur don ya gane in an taɓa.

Mutum ɗaya ke iya yi masa dariya a fuska, Manu kafinta, taubashinsa, wanda suka yi kiwon awaki tare tun suna yara.

"Ran da gyatumar nan ta cika, bawana, ni ka wanka," in ji Manu, yana ƙwanƙwasa ƙofarta. "Ƙyaure huɗu na hango jikinta, da akwatin amarya."

"Ɗauke hannunka, ɓarawon katako!"

In damina ta kankama hanyoyi sukan yanke, sai a ajiye mota. Da Sodangi zai ɗaga ta don kada tayoyi su ruɓe, Manu ya ce ya ɗora ta kan duwatsu. Sodangi ya kwana biyu yana juya shawarar, bai gano ribar da Manu zai ci a ciki ba, wannan ya ƙara tsorata shi. Sai ya ɗora ta kan kututturan itace huɗu a bayan gida, ya lulluɓe da asabari.

Ana gab da yanke gero ya yaye asabarin wata safiya. Ya dafa ƙofar baya, yatsansa ya nutse kamar cikin tuwo mai sanyi. A ƙasa ga gari-gari na katako. Nan take fuskar Manu ta faɗo masa. Wa ya san katako? Wa ke da abin huda shi? Wa ya yi shekara uku yana zawarcin ƙofofin nan da baki?

Ya barbaɗa toka kewaye da motar don ya kama sawu. Kwana uku bai ga komai ba sai sawun kaji. Ya ce lallai Manu ta kan katanga yake durowa. Ya daina amsa sallamarsa, ya canza sahu a masallaci. Ran Laraba ya sa babbar riga zai kai ƙara wurin mai gari, ya kuma san in maganar ta fita, zumuncin shekara arba'in ya tafi ke nan.

Matarsa Kulu tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ce kada ya je ba.

"Malam, kahin ka tai, ara mani idonka."

Ta ja shi bayan gida, ta durƙusa, ta kankare kututture ɗaya da bakin ludayi. Jar ƙasa ta zube. Ga gara nan fara fat, tana hawa tana sauka a hanyar da ta gina tun daga ƙasa har cikin motar.

"Wa ka taɓa gani ya ɗora rumbu bisa icce?" ta ce. "Duwatsu aka ce maka. Wa ma ya ce maka?"

Sodangi ya daɗe a tsugune, gefen rigarsa cikin toka.

Bai cire rigar ba. Da ita ya nufi rumfar Manu, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"A'a, yau bawana angonci za shi?" in ji Manu.

"Gara ta ci motar."

"Na sani. Tun sati biyu na ga ƙasarta bisa asabarin. Na zo in gaya maka, ka ƙi amsa sallama."

Kwana goma sha biyu Manu ya yi yana feƙe maɗaci, itacen da gara ba ta so saboda ɗacinsa, ya sake ƙofar baya da haƙarƙarin gefe. Sodangi yana zaune a kansa tun hantsi har la'asar, idonsa kan kowace ƙusa. Bai taɓa buɗe baki ya ce a yafe masa ba. Amma daga ranar, duk kasuwar Kusada kujerar gaba ta Manu ce, ko da mai sarauta ne ya nema.

Motar ta ƙara shekara shida tana tafiya, rabi launin zuma, rabi ja. Kowace damina kan duwatsu take kwana, Manu ne ke zaɓo su. Sodangi kuwa sai ya bari taubashin nasa ya juya baya, sannan ya ɗaga kowane dutse ya leƙa ƙarƙashinsa.