Telan Fuska da Yayarsa

A hawan ƙasa na asibitin, bayan an wuce ɗakin wanki da ma'ajiyar tukwanen iska, akwai wani ɗaki marar taga. Gado ɗaya ne a ciki, mai tauri kamar katako, sai bahon ƙarfe mai ruwan ɗumi, sai kanta cike da fararen fuskoki na roba, kowacce da sunan mai ita a goshi. Mutumin da ke aiki a nan, Tela ma'aikata suke kiransa. Bai taɓa ɗinka ko aljihu ba. Fuskar mutane yake aunawa.

Waɗanda ake turo masa masu ciwon daji ne na kai da wuya, waɗanda za a yi wa gashi da haske. Na'urar gashi ta yanzu kewaya kan majiyyaci take yi, tana aika haske ta kusurwa daban-daban, ta lanƙwasa shi daidai da siffar ƙarin, ta kauce wa lakar ƙashin baya da ido da inda yawu ke fitowa. Likita ce ke zana iyakar ƙarin a hoto, masanin lissafi ya tsara wa hasken hanya. Amma duk wannan aiki banza ne idan kan mutum bai kwanta yau daidai inda ya kwanta jiya ba. Shi ya sa ake yi wa kowa takunkumi nasa na kansa.

Tela yakan tsoma faifan roba mai huji-huji kamar raga a ruwan ɗumi har ya yi laushi. Ya tsane shi, ya shimfiɗa a fuskar mutum, ya ja gefe-gefen ya maƙale su a jikin gado. Sannan ya bi da yatsu: goshi, karan hanci, kumatu, ƙarƙashin haɓa, yana dannawa har robar ta huce ta sandare.

"Fuskar mutum nake riƙewa da hannu biyu, abin da ko ɗan'uwansa ba ya yi masa," in ji shi. "Yawancinsu har su tafi ba sa tambayar ko ni wane ne. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya kawo su ya ishe su."

Ya haura shekara hamsin. Yana zaune a ɗaki ɗaya a saman wani shagon faci, inda ƙarar injin buga iska ke tashe shi kafin agogo. Ya taɓa aure, auren bai daɗe ba, babu haihuwa. Mutum ɗaya ce a duniya ke kiransa da wani suna ban da Tela: yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita Auta take ce masa, da furfurarsa da komai. Ita ce telar gaske, shekara da shekaru tana kan keken ɗinki a barandar gidanta. Duk ranar hutu can yake cin abinci, tana ɗinki tana yi masa tsiya.

"Wai tela. Telan da bai iya zura zare a allura ba."

A irin wannan rana ce ya lura ta naɗe wuyanta da gyale ana tsananin zafi, kuma abincin nata ta jiƙa shi sharkaf kafin ta haɗiye. Ya ce ta kwance gyalen. Ta ce sanyi ne ya kama mata maƙogwaro. Ya miƙa hannu ya taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinta, ya ji abin da ya saba ji a wuyan baƙi: tauri, ba ya motsi, ba ya ciwo.

An ɗebi ɗan nama an duba. Ciwon daji ne a tushen harshe, ya taɓa kaluluwar wuya. Likitoci suka zauna a kanta kamar yadda suke yi wa kowa: mai tiyata, mai gashi, mai bayar da magani ta jijiya, mai karanta hoto. Mai tiyata ya ce idan ya yanka, zai tafi da maganarta da haɗiyarta. Aka tsaya a kan gashi kullum na wajen mako bakwai, a haɗa da magani ta jijiya. Likitar gashi, wata mace mai taƙaita magana, ta gaya wa Yaya cewa akwai kyakkyawan zaton warkewa, da sharaɗi ɗaya: a yi shi har ƙarshe, ba tsallake.

Matsalar ita ce Yaya ba ta jure wurin da ya matse. Ko lif ba ta shiga, gara ta hau bene tana haki. Ba ta barci da ƙofa a rufe.

A ka'ida ma'aikaci ba ya yi wa ɗan'uwansa wannan aiki. Akwai wata Sista mai sarrafa na'ura da ta iya, aka ce ita za ta yi. Yaya ta ce ko Auta ko babu. Da ta kafe a kan haka, Likita ta yarda.

Ranar da ta kwanta a gadonsa, ta ƙare wa kantar kallo.

"Waɗannan duk mutanenka ne? To ai ba ka rasa abokan hira ba."

"Yaya, ɗaga haɓa. Kar ki yi magana."

"Yau kuma ni ake hana magana."

Da robar ta sauka a fuskarta, ƙirjinta ya fara hawa da sauka. Yatsunta suka damƙi gefen gado. Ta cikin hujin ya ji tana cewa, "Auta, bar mini wuri. Ko riga ake ɗinkawa sai an bar wa mutum wurin numfashi."

Ya sha jin irin wannan roƙo daga manya da yara, bai taɓa sassautawa ba. Wannan karon ya zura yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarta, ya bar su a nan har robar ta sandare.

Da wannan takunkumi aka ɗauki hoton tsara aiki, a kansa masanin lissafi ya yi kwanaki yana aikinsa. Amma na'urar tana ɗaukar ɗan hoto kullum kafin ta saki haske, a gwada shi da na asali. Ranar farko haɓar ta ɗan sauka, Sista ta gyara. Washegari ta karkata wani gefe. Kafin mako ya fita Sista ta ƙi sakin hasken, ta kira Likita.

Likita ta sauko hawan ƙasa da kanta, da takunkumin a hannu. Ta zura yatsunta a wurin haɓar, suka shige.

"Malam Tela, ramewa ta yi haka da wuri?"

"Ba ta rame ba. Ni na bari."

"Na zata." Ta ajiye shi a gado. "Ni ma da laifina, bai kamata in yarda ba. Bayan ƙarin nan laka ce, ka fi ni sanin kusancinsu. Sai sabon takunkumi, sabon hoto, sabon lissafi. Kwanakin da za mu rasa za mu yi ƙoƙarin cike su. Amma idan ta ƙi dawowa, babu abin da zan iya cikewa."

Yaya kuwa ta ƙi. Ta ce wanda ake cewa ya yi sako-sako da kyar take kai ƙarshen minti a cikinsa, balle wanda ya fi shi. 'Yarta, wadda ta zo jinya daga wani gari, ta kira shi a waya. "Kawu, ta ce a bar ta da kekenta. Ka zo."

Ya same ta da la'asar a baranda, tana warware wani ɗinki. Bai zauna ba.

"Laifina ne, Yaya."

"Ni na roƙe ka."

"Kowa yana roƙo na."

Ta ci gaba da tsinke zare. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Kai ka taɓa kwanciya a cikin abin nan?"

Bai taɓa ba. Fiye da shekara ashirin yana cewa mutane su saki jiki, ba abin tsoro ba ne.

Washegari ta yarda ta zo, kallo kawai, in ji ta. Aka ɗauko faifan da ake koyar da sababbin ma'aikata da shi. Tela ya cire farar rigarsa ya kwanta, Sista ta shimfiɗa masa robar. Daga baya ya ce abin da bai zata ba shi ne ƙarar maƙale robar a jikin gado, dab da kunne, ɗaya bayan ɗaya, da yadda gashin ido ke gogar roba idan mutum ya yi ƙoƙarin ƙiftawa. Da robar ta fara hucewa ta kama shi, ƙafarsa ta hagu ta shiga rawa, ya kasa tsayar da ita.

"Ji shi," in ji Yaya daga kujera. "Kamar kifi a raga. Sista, bar shi tukuna, bai dahu ba."

Da aka cire, fuskarsa duk shatin huji. Yaya ta dube shi ta daɗe. Sannan ta cire ɗankwali ta miƙa wa 'yarta.

"Tashi ka ba ni wuri. Kuma kai za ka yi, ba ita ba. Ka yi irin na baƙi."

Sista ta tsaya a kansu kamar yadda Likita ta ce. Ya danna goshi, ya danna karan hanci, ya tura robar ƙarƙashin haɓa har ta kwanta a fata. Hawaye suka riƙa fitowa ta hujin suna gangara cikin kunnenta. Bai ɗauke hannu ba.

A ɗakin gashi ba a barin kowa da majiyyaci. Ana maƙale takunkumin, ma'aikata su fita, wata ƙofa mai kauri ta rufe, sai kyamara da lasifika. Kullum idan lokacinta ya yi, Tela yakan hau ya tsaya bayan Sista yana kallon allo. Ranar farko ya sunkuya ya yi mata magana ta lasifikar. Da ta fito ta ce wa Sista a hana shi.

"In na ji muryarsa kuka ke zo mini. In kuka ya zo sai na haɗiyi yawu, ku kuma kun ce kar in motsa."

Daga ranar kallo kawai yake yi. Wata ƙaramar mace a allo, fuskarta fara fat, na'ura tana kewaya ta a hankali.

Wajen mako na huɗu bakinta ya ɗaye, wuyanta ya yi baƙi, abinci sai mai ruwa-ruwa da cokalin shayi. Ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Haɓar ba ta sake sauka ba.

Wata uku bayan gamawa aka yi mata babban hoto. Likita ta daɗe tana duba allo, ta ce, "Ba mu ga komai ba. Ba zan ce an gama ba, za mu yi shekaru muna dubawa. Amma yau labarin mai daɗi ne."

Yawu bai dawo mata sosai ba, ba ta rabuwa da gorar ruwa, muryar kuma takan gaji da wuri. 'Yarta ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba, za ta tafi da ita. Aka ɗaure keken ɗinkin a bayan mota. Tela ya nemi izinin rabin yini ya zo sallama.

Tana zaune a kujerar baya, gilashi a sauke. Gyalenta ya zame daga kafaɗa, iska na bugun wuyan da aka ce ta riƙa karewa daga rana. Ya miƙa hannu zai gyara mata. Kanta ya yi baya da sauri har ya bugi kujera.

Su biyun duk sun gani. Ta kurɓi ruwa kafin maganar ta fito.

"Ba kai ba ne, Auta. Hannun ne."

"Na sani, Yaya."

Ta gyara gyalen da kanta. 'Yarta ta ce, "Kawu, sai mun kira," ta tayar da mota. Ya tsaya har suka sha kwana, ya zuba hannuwansa a aljihu, ya tsallaka titi ya jira bas.